Tumatirin Gindin Dirka

’Ya’yana, duk lokacin da muka je gida kuna rige-rigen lilo a jikin ƙarafunan nan biyu da suka miƙe daga ƙofar ɗakin kakanku zuwa banɗaki, amma ba wanda ya taɓa tambayata daga ina suka fito. Na kuma san kun ji wata magana ranar da muka je suna gidan Baffa Idi, da wata daga cikin dangi ta ce wai Inna ce ta kashe gonar albasar gidanmu da taurin kanta, shekarar da Baba ya kwanta ciwo. Ina zaune aka faɗa, na ga babbarku ta sunkuyar da kai. Ban ce komai ba a wurin, domin har yau da furfurata bakina nauyi gare shi a cikin taro. Shi ya sa na ɗauki biro. Inna ba ta da rai balle ta kare kanta, ko da tana da rai ma ba za ta yi ba.

Kakanku, Malam Sale, manomin rani ne kamar kowa a ƙauyenmu da ke tsakanin Kura da Bunkure. Gonaki biyu gare shi. Akwai ta ƙasa, wadda ruwan kanal ke shiga da kansa in an buɗe mata, akwai kuma ta tudu a hayin hanya, wadda ruwa ba ya hawa sai da inji. Ita ce ’yar gaban goshinsa. Ƙasarta jigawa ce mai taushi, albasa tana son ta ƙwarai. Fayif shida na ƙarfe ne ke kai mata ruwa daga bakin kanal, kuma ɗai-ɗai ya tara su cikin shekaru. Ya san kowannensu kamar yadda makiyayi ya san shanunsa. Akwai wanda amalanke ta taɓa takawa ya ɗan lotsa a tsakiya, shi yake kira mai kunya.

Ni ce ’yar fari a gidan. Ku da kuke ɗare wuyan ubanku kuna ja masa gemu ba za ku gane abin da hakan ke nufi ba. Baba bai taɓa kiran sunana ba, ko sau ɗaya. In dole ta kama sai ya ce "ke", ko ya dubi bango ya ce "yarinyar nan". Inna kuwa ta fi shi. Ina tsaye a gabanta za ta juya wurin ƙanwata ta ce, "Ce wa yayarki ta ɗauko tsintsiya." Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma na san loma mai tsoka kullum a kwanona take ɓuya. Amma yaron da ba a yi wa magana shi ma yakan koyi yin shiru. A makaranta ma haka nake, ina aji shida, malami ya yi tambaya na san amsa, sai in kafa ido a kan tebur. Abin da na rasa a baki sai ya koma ido. Na san kazar da ke satar kwanciya a bayan rumbu. Na san ranar da Inna ta yi kuka ko da ta wanke fuska.

Ciwon ya same shi da hantsi a gona, yana gyara wa albasa kwami. Maƙwabtan gona suka ɗauko shi, aka wuce da shi asibiti a Kano. Ya yi makonni a can. Da aka dawo da shi ɓarin jikinsa na hagu ya mutu, hannu ba ya ɗaguwa, ƙafa sai ja, bakinsa ya ɗan karkace, amma ana gane maganarsa in an saurara. Abin da ke hannunmu duk ya tafi a jinya. Aka shimfiɗa masa tabarma da katifa a ƙarƙashin rumfar ƙofar ɗakinsa, nan yake yini, bayansa jingine da bango, dirkar rumfa a damansa. Ƙaninsa, Baffa Idi, ya haɗa gonakin Baba da nasa yana nomawa. Shi ne kuma ke zuwa bayan sallar asuba da bayan magariba ya ciccibi Baba ya kai shi banɗaki. Inna mace ce ’yar ƙarama, ta gwada sau ɗaya suka faɗi tare a tsakar gida. Ɗa namiji babba kuwa babu a gidan, mu uku ne mata.

Baffa mutum ne mai zafin nama, yana son a ga ya yi. Wata Juma'a ya shigo da keken guragu da ya samo a Kano, yana tura shi yana guɗa kamar mai kawo amarya. Tsakaninsa da Inna akwai wasa irin na ƙanin miji da matar wa, ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba.

"Matata, fito ki ga mota! Yau Yaya zai fi ki gata a gidan nan."

Inna ta leƙo daga madafa ta ce, "Wa ya ba ka aron hankali ka auna ƙofar kafin ka kwaso shi?"

Ba a auna ba kuwa. Keken bai shiga ƙofar banɗaki ba, dokin ƙofar ɗaki ma ya tare shi. Aka ɗora Baba a kai a tsakar gida, ya kama taya da hannunsa mai lafiya ya tura, keken ya juya a wuri ɗaya. Ya sake turawa, ya sake juyawa, har ya dawo yana kallon inda ya taso. Ƙannena suka fashe da dariya, Baba ma ya yi ɗan murmushi da rabin baki, ya ce a sauke shi. Keken mai hannu biyu ne, shi kuwa ɗaya ya rage masa. Aka jingine shi a bayan rumbu, kafin wata guda kaza ta yi ƙwai a kujerarsa.

Sanyi ya wuce, zafi ya fara shigowa. Aikina ne kai wa Baba ruwa. Kafin in tafi makaranta in cika kwanon sha daga randa, in durƙusa in ajiye a damansa, in tashi ba tare da na dube shi ba. In na dawo in tarar da kwanon wayam, in sake cikawa. Kowa na murna Malam yana shan ruwa. Amma sai ramewa yake yi. Leɓensa ya tsattsage, idonsa ya faɗa, da rana yakan yi shiru na dogon lokaci kamar ba ya cikin gidan. Aka kira malamin asibiti na garinmu, ya murza fatar hannunsa ya saki, ya tambayi Baffa kalar fitsarin, sannan ya ce jikin nan ruwa yake nema, in aka ci gaba a haka ƙoda za ta taɓu. Inna ta ce kwano huɗu yake shanyewa a yini. Malamin ya girgiza kai ya ce to a ƙara, ya tafi.

A gindin dirkar rumfa akwai wani tumatir da ya tsiro da kansa, wataƙila daga ruwan wanke-wanke. Da farko ɗan tsiro ne mai ganye huɗu, ban ɗauka zai kwana biyu ba, domin tsakar gidanmu a lokacin zafi ko ciyawa ba ta rayuwa. Sai na ga yana girma. Ganyensa ya yi shar, ya yi rassa, har ya fara fure. Wata rana da na durƙusa zan ajiye kwano sai gwiwata ta taɓa ƙasar gindinsa, na ji sanyi. An ma yi masa ɗan kwami, zagaye, da yatsa, daidai yadda ake yi a gona don kada ruwa ya gudu.

Washegari da na taso daga makaranta ban yi sallama da wuri ba. Na tsaya a zaure ina leƙe ta tsagar ƙyaure. Inna tana ɗaki tana sallah, ƙannena ba su dawo ba. Na ga Baba ya ɗauki kwanon ya kai baki, ya jiƙa leɓe kawai. Ya riƙe shi yana kallon ruwan. Sannan ya karkata, ya tsiyaya shi a hankali a gindin tumatirin, yana bin kwamin don ya zagaye ko'ina. Da wani ne da ya watsar a bayan katifa ƙasa ta shanye, ba wanda zai sani. Amma mutumin da ya yi shekara talatin yana jiran layin ruwa ba zai iya zubar da shi a banza ba, sai ya ba wani abu mai rai. Bayan nan ya ajiye kwanon, ya kama dirka da hannun dama, ya ja jikinsa sama. Na toshe bakina. Ya miƙe tsaye, ƙafarsa tana rawa, amma ya tsaya. Ya dubi wajen banɗaki, ya ja ƙafa taku ɗaya, ya miƙa hannu. Ba abin kamawa a gaba. Ya daɗe a haka, sannan ya sulale ya koma mazauninsa. Sai a lokacin na lura jikin dirkar ya yi santsi a wuri ɗaya, ya yi duhu saboda kamu.

Na gane duka a tsaye a nan. Daga asuba zuwa magariba ba mai kai shi banɗaki. Ba zai yarda a aika gona a kira ƙaninsa don fitsari ba, ba zai yarda ya ɓata shimfiɗa a gaban ’ya’yansa mata ba. Sai ya daina sha.

Kwana biyu ina ɗauke da maganar. Ba zan iya tunkarar Baba ba, kuma ban taɓa fara yi wa Inna magana ba sai dai in amsa. Rana ta uku tana tankaɗe a ƙofar madafa, na zauna nesa kaɗan ina tsince shinkafa. Ban dube ta ba na ce:

"Inna, wa yake ba tumatirin can ruwa?"

Rariyar ta tsaya. Ta juya ta dubi tumatirin, ta dubi kwanon da ke kusa da shi, ta dubi Baba da ke gyangyaɗi. Sai ta ce, kamar da garin tuwon take magana:

"Sai me kuma aka gani?"

Na gaya wa shinkafar da ke gabana sauran. Na ce yana iya tashi. Na ce abin kamawa ne babu.

Aka fara gwada igiya. Baffa ya ɗaure ta daga dirka zuwa bishiyar darbejiya da ke kusa da banɗaki. Baba ya kama, igiyar ta yi lilo ta tafi da shi, da Baffa bai tare ba da ya fasa kai. Daga nan ya ce kada a ƙara kawo masa zancen. Aka yi maganar itace, Inna ta ce gara za ta cinye gindinsa kafin damina ta fita, wata rana ya karye da mutum a kai. Abu ake so mai ƙarfi, mai santsi, wanda hannu zai zagaye. Wata safiya Baffa ya gama kai Baba banɗaki zai fita, Inna ta tare shi a zaure. Ina wurin ina ɗaura takalmin makaranta, ba wanda ya kula da ni.

"Idi, fayif ɗin gonar tudu nake so."

Ya yi dariya. "Amarya, yau kuma da me aka tashi? Kwalliya za ki yi da su?"

"Ba wasa nake ba."

Ya daina dariyar. Ya ce albasa ta fara ƙwai, saura wata ɗaya da ’yan kwanaki a cire. Ya ce kowa a bakin kanal yana amfani da nasa, ba mai ba da aro a irin wannan lokaci, kuma ba abin sayen sabo. Ya ce albasar nan ita ce cefanen gidan har kaka.

"Ki yi haƙuri a cire, ni da kaina zan kawo miki su a ka."

"Mutumin da ba ya shan ruwa a zafin nan, wata ɗaya zai jira ka?"

"To a lallashe shi ya sha mana! Ni zan riƙa dawowa da azahar."

"Ka san yayanka. Ka dawo da azahar, ya daina sha da la'asar. Ba zuwanka ne ba ya so ba, ɗaukar ce ba ya so."

Baffa ya cire hula ya sosa kai. Ya yi lissafi da yatsunsa, ya ce daga rumfa zuwa banɗaki fayif uku sun isa. In aka bar uku, ya matso da inji, ruwa zai kai rabin gonar tudun da ke kusa da kanal. Rabi ya mutu, rabi ya rayu. A kan haka suka rabu. Ya ce amma kada Yaya ya sani sai an gama, don in ya sani ba zai yarda ba.

Ranar Asabar aka kwantar da Baba a ɗaki aka ce za a gyara rumfa. Baffa ya zo da wani mai walda daga Bunkure, dattijo mai ƙonannun yatsu, sun ɗoro injinsa da fayif uku a amalanke. Tunkiyar Inna ce ta tafi a siminti da ladan aikin. Inna ta shige ɗaki tunda baƙo ya shigo, ni aka bari ina kawo musu ruwa. Suka fara gardamar tsayi. Baffa ya ce a yi daidai ƙugunsa, mai walda ya ce ai ba shi zai kama ba. Na matsa jikin dirka na ɗora yatsana a wurin da ya yi santsi. Mai walda ya zo ya duba, ya shafa, ya dube ni.

"’Yar nan, wa ya nuna miki?"

Na sunkuyar da kai. Ya auna wurin da igiya ya ce shi ke nan, mai abu ya riga ya faɗi tsayinsa.

Suka haƙa ramuka, suka jera fayif a ƙasa ta gefen dama, tunda hannun dama ne mai lafiya. Ina tsaye da tulu ina bin layin da ido. Na tafi da Baba a raina har ƙofar banɗaki, hannunsa a kan ƙarfe. Sai na juyo da shi. Ƙarfen ya koma hagunsa, wajen hannun da ba ya motsi. Na so in yi shiru, Allah ya sani na so. Na san abin da maganar za ta ci. Amma bakina ya riga ni.

"Baffa, in zai dawo fa?"

Suka tsaya. Mai walda ya taka har ƙofar banɗaki, ya saki hannun hagu ya yi lis, ya juyo, ya miƙa dama ya kama iska. Ya ce, "Wallahi yarinyar nan ta fi mu. Sai an yi biyu, hagu da dama." Baffa ya zauna a kan turmi. Ya dube ni tsawon lokaci, ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Sannan ya ɗaga murya wajen ɗakin Inna.

"Kin ji ’yarki? Duka shidan take so."

Daga ciki Inna ta ce, "Ni ban ji kowa ba. Amma ka ɗauko su."

Ya tashi ya ja amalanke ya fita. To kun ji. In akwai wanda ya kashe rabin gonar da ya rage, uwarku ce, tana da shekara goma sha biyu.

Kwana biyu suka yi suna aiki. Suka kafa layi biyu, suka sassabe dokin ƙofar ɗaki suka yi masa gangare da siminti mai kaushi don kada ƙafa ta zame. Mai walda ya ƙera kujerar ƙarfe mai rami a tsakiya, aka kafa ta a kan masai, da mariƙi a dama. Ya rataye buta a jikin ƙugiya da ’yar igiya zuwa ƙasa, yadda in aka taka igiyar butar za ta karkata ta zuba, mai hannu ɗaya ya yi alwala ba sai an zuba masa ba. Da azahar na taɓa ƙarfen a tsakiyar tsakar gida, inda inuwar rumfa ta ƙare ta darbejiya ba ta fara ba, na ji ya ƙone ni. Na yayyaga tsohon zanen Inna na naɗe wurin a duka layukan biyu, kamar taku biyar.

Da siminti ya bushe aka fito da Baba. Ya dubi ƙarafunan. Ya miƙa hannu ya shafa na kusa da shi, yatsunsa suka faɗa cikin lotsawar nan da amalanke ta yi. Na ga hannun ya tsaya cak.

"Mai kunya ne wannan," ya ce. Ya ƙirga su da ido. "Idi, da me kake ba albasa ruwa?"

Baffa ya dubi ƙasa. Inna ta ce daga bakin madafa, "Malam, ni na sa shi."

"Ke kika sa shi. Abincin yaran nan kika kafa a tsakar gida don in je fitsari."

Ya juya fuskarsa wajen bango. Ranar bai taɓa ƙarfen ba, washegari ma haka. Albasa tana can tana bushewa, Baffa da jarka biyu yana ɗiban abin da zai iya daga kanal, Baba kuma yana nan yana bushewa, tumatir sai ƙara kyau yake. Na ji Inna tana kuka a madafa, ta ce hayaƙi ne. A raina na ce mun kashe gona, mutumin ma ba mu samu ba.

Rana ta uku Laraba ce, na dawo daga makaranta rana tana tsaka. Na cika kwanon sha na je na durƙusa. Ka'ida in ajiye in tashi. Ban ajiye ba. Na riƙe shi da hannu biyu a gabansa, kaina a ƙasa. Ya jira in tafi, ban tafi ba. Ruwan ya fara ɗan zuba a kan kayan makarantata. Ya yi gyaran murya ya ce wa tsakar gida:

"A ce wa yarinyar nan ta ajiye."

Inna tana bakin ƙofarta tana tsifar kan ƙanwata. Ba ta ɗago ba ta ce, "Malam, kai ma ka san ba na yi mata magana."

Ina jin kukan kurciya a kan darbejiya. Ban shirya abin da zan faɗa ba, kuma tunda aka haife ni ban taɓa fara yi masa magana ba bayan gaisuwa. Na ce, muryata kamar ta wata:

"Baba, tumatirin ya ƙoshi."

Na ji numfashinsa ya tsaya. Sai wani sauti ya fito daga ƙirjinsa, na ɗauka kuka ne, ashe dariya ce, irin ta rabin baki, har da tari. Ya ce, yana kallon tumatirin, "Ashe gidan nan da mai gadi." Ya karɓi kwanon. Ina kallon maƙogwaronsa yana hawa yana sauka har ya shanye tas. Ya miƙo shi wajen da nake, bai dube ni ba.

"Ƙaro."

Kwano uku ya sha. Duk mun san abin da zai biyo baya, kuma Baffa yana gona sai magariba. Wajen la'asar Inna ta tattara mu duka ta shigar da mu ɗakinta, ta saki labule, ta ce ba mai leƙe. Tsakar gida ta zama tasa shi kaɗai. Baba yana da zoben azurfa a hannun dama. Muna zaune muka ji ya bugi ƙarfe, ƙwas. Sai jan ƙafa. Sai ƙwas. Inna ta riƙe bakin gado, leɓenta yana motsi. Ina ƙirgawa a raina. A na bakwai sautin ya ɗauke. Muka jira, shiru. Inna ta zabura za ta fita, na kama gefen zanenta, abin da ban taɓa yi ba tunda na yi wayo.

"Inna, wurin tsumma ne."

Ta tsaya, hannunta a kan labule. Ba ta fizge zanen ba. Can sai muka ji ƙwas, daga nesa, wajen darbejiya. Sai ƙarar ƙyauren langa-langa. An daɗe, sannan muka ji ruwan buta yana zuba, yana tsayawa, yana zuba. Alwala yake yi. Sai zoben ya fara dawowa ta ɗaya layin, layin da ya ci ragowar albasa. Ya yi shiru a wurin tsumma, ya sake fitowa, yana matsowa, har muka ji katifa ta karɓi nauyinsa. Inna ta zauna a ƙasa inda take tsaye, ta rufe fuska da mayafi.

Albasar tudu ba ta yi ba. Abin da Baffa ya ceto da jarka bai cika buhu huɗu ba, ƙanana kamar ƙwan zabuwa. Damina ta same mu muna cin tuwo sau ɗaya a yini, da rana sai rama da ƙuli. Ban samu sabon kayan makaranta ba shekarar da na shiga sakandare, na Inna aka rage mini aka rina. Gonar tudu ta yi rani uku ba a noma ta ba kafin Baffa ya haɗa tiyo na roba. A lokacin ne maganar ta fara yawo cikin dangi, kuma ba Baffa ne ya fara ta ba, shi har ya tsufa in an tayar sai ya ce a bar zancen. Inna ba ta taɓa cewa ni na ce a yi biyu ba. Ta ɗauki maganar ita kaɗai har ta koma ga Allah.

Baba ya yi shekara goma sha ɗaya yana bin ƙarafunan nan. Daga baya aka ƙara wani guntu zuwa zaure, ya koma zama a ƙofar gida, manoma suna tsayawa suna tambayarsa yaushe ya kamata a dasa, yaushe a janye ruwa. Ba wanda ya ƙara ɗaukarsa sai ranar da aka ɗauke shi zuwa makwancinsa. Har ya rasu bai kira sunana ba, kuma bai taɓa cewa Inna ta yi daidai ba. Amma duk safiya kafin ya tashi yakan shafa lotsawar mai kunya da babban yatsa, ku duba wurin in mun je, ya fi ko'ina haske.

Kwana huɗu bayan wannan Larabar na zo ajiye kwano, na ga tumatirin ya yi yaushi, ganyensa ya langwaɓe, ƙasar kwamin ta bushe ta tsage. Ban taɓa jin daɗin ganin shuka tana jin ƙishi ba sai ranar. Baba ya shanye ruwansa ya miƙo kwanon. Ya dubi tumatirin, ya dubi bango, ya ce:

"Wani ya riƙa ba abin nan ruwa mana. Ni na bar aikin."

Na koma randa na ɗebo wa tumatirin nasa daban.